Shekarar da Yaya Ta Hau Tsani

Shekaranjiya da rana ina tafe a unguwar Adabraka, na bi ta gaban wani shago da aka shafa wa ƙofarsa sabon fenti. Ƙofar ta ƙarfe ce, rana kuma ta gasa ta, sai wani wari yake tashi, warin fentin mai da ya ji zafi. Na tsaya a gefen hanya kamar mai neman wani abu a jaka, alhali ba abin da nake nema. Warin ne ya mayar da ni lungunmu, tsakanin unguwannin Nima da Mamobi, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da Kawu yake shanya ƙwayayen fitila a tsakar gida.

Idan ba ka taɓa zama a Zango ba, bari in ɗan kwatanta maka. Gidan na Kaka ne, wadda ta haifi mahaifiyata. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida na siminti, kowane ɗaki da iyalinsa. Akwai Dagomba, akwai Kotokoli, akwai wani Bazabarme mai sayar da agogo, ga kuma mu. Hausa ce ke haɗa kowa, sai dai Hausarmu ta yara ba ta damu da mace ko namiji ba, kowa "ya zo" ne kuma "ya tafi", ga yaren Asante da Turanci muna cusawa a tsakani. Kaka kaɗai ke da Hausa tsantsa, domin da wayonta ta zo nan birnin Ankara tare da iyayenta fatake masu goro. Tana gyara mana magana har ta gaji ta bari. Lungun kuwa siriri ne, ƙaramar kwata ta ratsa tsakiyarsa, kwanon rufin wannan gefe ya kusa taɓa na wancan. Daga bakin masallaci yake farawa, ya yi lanƙwasa biyu, sai can ƙarshe wajen famfo ya buɗe ya haɗu da hanyar da mota za ta iya shigowa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana da shagon katako a kusa da masallaci, inda yake gyaran fanka da dutsen guga da rediyo. A Kumasi ya koyi aikin, a hannun wani maigidansa, bai taɓa zama a ajin boko ba. Mutum ne maras yawan magana. Kullum akwai ƙaramin sukundireban gwada wuta a maƙale a bayan kunnensa, har in zai yi alwala sai ya cire ya ajiye a kan takalminsa. Ba wanda ya sa shi aikin fitilun Sallah, ba kuma wanda yake biyansa. Tun kafin in yi wayo yake yi.

Da azumi ya kai ashirin sai ya fito da wani buhu daga ƙarƙashin teburin shago. Ƙwayayen fitila ne na gida, farare, waɗanda ya tara cikin shekara. Ya kan zauna a tsakar gida da hantsi da gwangwanayen fenti uku, ja da kore da shuɗi, ya riƙe kowane ƙwai ta gindinsa ya tsoma, ya juya, ya jera a kan tsohon kwali. Mu yara muna kewaye, an yarda mu duba wanda ya bushe amma ba a yarda mu tsoma ba. Kwana biyu gidan yana warin fenti haɗe da warin man ja da ake soya ƙosai. Daga nan sai ya ɗauki tsani da waya ya fara daga masallaci, yana ɗaurawa daga wannan rufi zuwa wancan, yana karkacewa hagu da dama har famfo. Da fari daga mitar shagonsa yake jan wutar. Da wayar ta yi tsawo, mitar ta kasa ɗauka, sai ya riƙa maƙala ƙarshenta a jikin falwaya. Kowa ya sani, ba wanda ya ce komai.

Ranar ashirin da shida ga wata, da an sha ruwa an idar da magariba, yake kunnawa. Ba ya kiran kowa, ba ya yin wata sanarwa. Kana cikin shan koko kawai sai ka ga bangon da ke gabanka ya koma ja, hannun ƙawarka ya koma kore. Da ƙwayayen sun ɗauki zafi sai fentin ya fara wari, shi ne warin da na ce maka. Teloli su fito da kekunansu waje su ci gaba da ɗinkin Sallah. Mata masu kitso da masu lalle su shimfiɗa tabarmi. Mutanen wasu lunguna su ratso ta namu ko da hanyar ta fi nisa. Har waɗanda ba su da wata dangantaka da mu, wutar Kawu suke kiranta.

Kawu yana da 'ya guda, wadda nake kira Yaya. Ta girme ni da shekaru masu yawa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, Kaka ce ta raine ta, a ɗaki ɗaya muke kwana. Da ta gama sakandare ta ce makarantar koyon sana'a za ta, kuma aikin lantarki take so. Kawu bai so ba, amma Kaka ta sa baki, ya haƙura. A ganinsa abin da ake koya musu a can zane ne a takarda. Ya kan bar ta ta riƙe masa fanka yana kwancewa, amma wayar Sallah bai taɓa yarda ta taɓa ba. Tana tsayawa a ƙasa cikin sauran mata tana kallo, hannayenta a naɗe cikin mayafi.

Ka san azumi ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana ja da baya. Lokacin da Kawu ya fara wannan aiki, a rani Sallah take faɗowa. A hankali ta yi ta matsowa har ta shigo cikin ƙaramar damina, wadda ruwanta ke saukowa da la'asar ba shiri. Kawu bai canza komai ba. Waya ce iri ɗaya, mai haɗe-haɗe da yawa, kowane haɗi an naɗe shi da baƙin salatif, wasu tun shekarun baya.

A shekarar da nake ba ka labari, an kunna fitilun kwana biyu lafiya. A rana ta uku aka yi ruwa mai iska bayan la'asar. Da ya ɗauke, an aike ni sayo kokon buɗa baki wajen mai koko, wata Badagomba mai 'ya'ya huɗu da ke da rumfar kwano a lanƙwasa ta biyu. Mu kusan shida ne a tsaye da robobinmu. Iskar ta sassauta wayar, wani haɗi da salatif ɗinsa ya buɗe ya kwanta a kan rufin rumfar, ba wanda ya lura. Ƙasa a jiƙe take, ita kuma ta cire silifas. Ta miƙe za ta gyara labulen buhu da iska ta yaye, ta kama ƙarfen da ke tallafe da rufin. Ba ta yi ihu ba. Jikinta ya sandare, ludayin da ke ɗaya hannun ya faɗi cikin tukunya, sannan aka yi jifa da ita gefen kwata. Abin da na fi tunawa shi ne kokon da ya fantsamo a ƙafata, da zafinsa, da yadda na ci gaba da riƙe robar.

Wani ya ruga ya kira Kawu. Ya zo da filaya mai hannun roba, ya hau kan benci ya datse wayar tun daga sama, sannan ya durƙusa kusa da ita. An ɗauke ta a tasi zuwa asibiti. Ta rayu. Tafin hannunta na dama ya ƙone, yatsu biyu kuma ba su sake miƙewa ba. Kafin a kira isha'i Kawu ya sauke wayar gaba ɗaya daga famfo har masallaci, ya naɗe ya cusa a buhu. A wannan shekara a cikin duhu aka yi ɗinkin Sallah, da fitilar caji da 'yar aci-bal-bal.

Da ta dawo gida ya je gaishe ta tare da liman. An ce ta ce masa ƙaddara ce, kuma ita ma ta ci moriyar hasken shekaru da yawa, ta yafe. Bai amsa ba sai da addu'a. Duk tsawon jinyarta Kaka ce take aika wa 'ya'yanta abinci, mahaifiyata kuma ta riƙa dama mata kokon sayarwa. A lungu ba wanda ya zage shi, amma an daina tsayawa hira a bakin shagonsa na ɗan lokaci, ban sani ba ko don kunya ko don wani abu.

Shekara ta zagayo. Ana saura kwana kaɗan a kama azumi sai wakilin unguwarmu a asambili, wato hukumar da ke kula da unguwannin birni, ya zo da takarda. Asambiliman muke ce masa. Ɗan lungun ne, a gabanmu ya girma, Kawu ne ma ya ja masa wuta a ɗakinsa lokacin da yake karatun jarrabawa. Ya nemi a tara mutane bayan la'asar a rumfar masallaci. Maza suka zauna a kan benci da tabarmi, mata suka tsaya daga baya a jikin bango, mu kuma muka leƙa ta tsakanin zannuwansu.

Ya fara da cewa ba don mu kaɗai aka yi dokar ba, ta shafi duk wanda zai rataya fitilun biki a kan hanyar jama'a, ko na Sallah ko na Maulidi ko na Bironya, wato Kirsimeti. Ya karanta da Turanci, yana tsayawa yana juyawa da Hausa. Dole a nemi izini a rubuce kafin a ɗaura. Dole mai lasisin aikin lantarki ya sa hannu, shi ne kuma zai ɗauki alhakin duk abin da ya faru. Ba a maƙala waya a falwaya. Ba a ɗaura ta a jikin rufin kwano. Akwai tsawon da ba za ta sauko ƙasa da shi ba. Ma'aikaci zai zo ya duba kafin a kunna, kuma bayan biki da mako guda a sauke. Yana karantawa yana share gumi, bai kalli wajen da Kawu yake ba ko sau ɗaya.

Aka yi ta magana. Wani tela ya ce a cikin gari hukuma da kanta take rataya fitilu da Bironya, sai a Zango ne ake kawo takarda. Wani ya ce in an bi wannan, gobe za a ce sai da izini za a kafa rumfar suna. Liman ya ce a tuna da abin da ya faru bara. Kawu tambaya ɗaya ya yi. Ya ce shi wannan lasisin, yaya ake samunsa. Asambiliman ya ce jarrabawa ake zaunawa, ta rubutu da ta aiki.

"Da wane harshe ake rubutun?"

"Da Turanci, Kawu."

Kawu ya gyaɗa kai, ya sa takalminsa, ya koma shago. Taron ya watse ba a yanke komai ba, kowa dai ya ɗauka an gama da fitilun Sallah a lungunmu.

Bayan kwana biyu da safe Kaka ta sa farin mayafinta na zuwa unguwa, ta ce Yaya ta shirya, ta kuma aika aka kira mai koko. Su uku suka hau toroto, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa ofishin asambili. Ban je ba, Yaya ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce sun jima a kan benci kafin a shigar da su wajen wani ma'aikaci mai gilashi. Kaka ta sa ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, Yaya tana fassarawa. Da ya gama ta tambaye shi ko an rubuta cewa mai lasisin sai namiji. Ya duba ya ce ba a rubuta ba. Ta tambaya ko an faɗi shekarunsa. Ya ce a'a. Sai ta juya ta ce wa Yaya ta fito da abin da ke cikin jakarta. Watanni kaɗan kafin nan Yaya ta ci jarrabawar ta karɓi lasisinta, ta kuma ɓoye shi a ƙasan akwati, domin da ta nuna wa mahaifinta kallo ɗaya ya yi masa ya ci gaba da naɗin wayar fanka.

A nan aka cike fom. Akwai wurin da ake son wani mazaunin layin ya shaida cewa jama'a sun yarda. Mai koko ce ta dangwala. Yaya ta ce da aka miƙo mata tawada, hannun daman ta bayar, wanda ya ƙone, ma'aikacin ya ɗan tsaya yana kallo, sannan ya riƙe mata takardar don kada ta zame.

Da yamma Kaka ta kira Kawu ɗakinta. Ƙofar a buɗe take, duk gidan yana ji ko da yake kowa ya yi kamar yana wani aiki. Ta gaya masa abin da aka yi ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce shi bai haifi 'yar da za ta hau tsani maza suna kallonta daga ƙasa ba, kuma ba za a yi wannan a gidansa ba.

Kaka ta ce, "Gidan nawa ne. Lungun kuma na jama'a ne. In za ka je ka zauna jarrabawar, na janye ta yau."

Ya tashi ya fita. Daga ranar har ƙarshen azumi bai yi wa Yaya magana ba. Idan ta durƙusa ta gaishe shi da safe sai ya amsa da kai. Idan ta kai masa abin buɗa baki sai ya nuna mata inda za ta ajiye. Buhun ƙwayayen kuma ya tura shi can ƙuryar shago ya ɗora tsofaffin rediyoyi a kai. Yaya ba ta nemi buhun ba, domin ta ce ko ya bayar ba za a amince da su ba, ƙwan da aka shafa wa fenti yana tara zafi, wayar kuma ta riga ta mutu. Mutanen lungu suka haɗa hannu, ta je kasuwar Tudu ta sayo sabuwar waya mai kauri da mazaunan ƙwai masu murfin roba da ruwa ba ya shiga. Wani kafinta ya feƙe dogayen katakai aka kakkafa a gefen bango, don kada komai ya taɓa rufi. Wutar kuma aka shirya a ja ta daga mitar masallaci, da akwatin fis nata na kanta.

Ranar da ta fara ɗauri da hantsi ne, rana ta fito bayan ruwan asuba, kwanon rufi yana tururi. Ta sa dogon wando da rigar aikin makarantarsu, ta cusa ƙasan hijabinta cikin wuyan rigar. Maza sun cika bencin mai shayi, ko da yake azumi ake yi ba shayin da za a sha. Wani dattijo ya ce zamani ya zo ƙarshe. Wani ya ce a bari a gani. Ba wanda ya tashi ya riƙe mata tsani sai asambiliman, da takalminsa na ofis a cikin laka. Ta hau a hankali, ta ɗaure na farko a bakin masallaci, ta sauko, ta auna da tef, ta matsa gaba. Ba ta kalli kowa ba. Zuwa azahar masu kallon sun gaji sun watse, sai yara. Shagon Kawu a rufe yake, amma ƙyaure ɗaya bai gama rufuwa ba, kuma mun san yana ciki.

Kwana biyu ta yi tana aikin. Ta gama ranar Litinin, ana jiran ma'aikacin da zai duba ranar Alhamis. Ranar Talata da safe Kawu ya shigo gida ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka. Yaya tana zaune a gefe tana tankaɗen gari, taku uku tsakaninsu. Bai dube ta ba, Kaka ya duba.

Ya ce, "A gaya wa mai lasisi, motar gawayi tana shigowa da baya wajen famfo ranar Laraba. Buhunan sun fi abin da ta auna tsawo."

Kaka ta juya ta maimaita wa Yaya maganar kalma da kalma, kamar Yaya ba ta wajen. Yaya ta ajiye rariya, ta wanke hannu, ta ɗauki tsani. Ta auna daidai da abin da takarda ta ce, amma takardar ba ta san motar gawayi ba. Ta sa kafinta ya ƙara wa katakai biyun ƙarshe tsawo, ta ɗaga wayar. Washegari motar ta shigo da lodinta har sama, buhun ƙarshe ya wuce ta ƙarƙashin wayar da ɗan abin da bai fi tafin hannu ba. Direban ma bai san an yi wani abu ba.

Ma'aikacin ya zo ranar Alhamis, ya bi layin yana ɗaga kai, ya buɗe akwatin fis ya rufe, ya sa hannu. Da magariba Yaya ta kunna. Hasken fari ne, tsayayye, ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Teloli sun yaba, sun ce yanzu suna ganin ramin allura. Mu yara muka duba hannayenmu, ba ja ba kore, hannayenmu ne kawai. Ba kuma wani wari. Bayan an ɗan jima Kawu ya fito daga shago, hannayensa a baya, ya bi lungun daga masallaci har famfo yana kallon sama, yana tsayawa a gindin kowane katako. Bai taɓa komai ba. Da ya iso rumfar mai koko ta ce masa sannu da aiki, ya ce ba aikinsa ba ne, ta ce ta sani. Ya dawo ya shiga masallaci.

Da safiyar Sallah, bayan an sauko daga idi, muka shiga gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Yaya ce ta ƙarshe. Ta durƙusa ta yi masa barka da Sallah, ta nemi gafara kamar yadda ake yi. Ya amsa da baki a karo na farko cikin wata guda. Sannan ya tambaye ta wa ya koya mata ɗaurin da ta yi a bakin masallaci. Ta ce ba a makaranta ba ne, shi take kallo tun tana ƙarama. Ya ce, "Ba haka nake ɗaurawa ba." Ya miƙa mata goro. Har yau ni da ita ba mu daidaita a kan abin da yake nufi ba. Ita ta ce gyara ne, ni na ce yabo ne.

Bayan mako guda ta sauke komai kamar yadda takarda ta ce. Kawu bai sake hawa tsani don fitilun Sallah ba. Ya ci gaba da gyaran fanka da dutsen guga. Tsohuwar wayar, wasu masu sayen ƙarafa daga unguwar Old Fadama suka zo wucewa ya ba su. Yaya ta riƙa yin aikin kowace shekara, tana zuwa ofis tana sabunta izini, har mutanen wasu lunguna suka fara zuwa neman ta sa musu hannu. Ba ta sa wa kowa hannu sai ta je ta ɗaura da kanta.

Yanzu Kaka ta rasu. Yaya tana zaune a unguwar Malam da mijinta da 'ya'yanta, tana da ma'aikata a ƙarƙashinta, gidajen bene take yi wa waya. Tun da ta tashi ba wanda ya sake zuwa neman izinin lungunmu, domin abu ne da sai wani ya ɗauke shi a kansa, ya je ya zauna a benci, ya dawo, ya sake komawa. Da na girma na samu takardar na karanta da kaina. Ban ga layi ɗaya da zan ce ba daidai ba ne. Da an yi ta tun da wuri, da yatsun mai koko suna miƙewa. Hukuma kuma ta ji ƙorafin irin na telan nan, yanzu da kanta take ƙawata babban titi da Sallah kamar yadda take yi da Bironya, da igiyoyin haske masu siffar jinjirin wata, suna canza launi da kansu. Matasa suna zuwa suna ɗaukar hoto. A cikin lungu an kafa fitila mai amfani da hasken rana a wajen famfo, tana kunna kanta kowace magariba, shekara gaba ɗaya, don haka daren Sallah da daren kowace Talata kamanninsu ɗaya.

Kawu yana nan da ransa. Idanunsa sun yi rauni, ba ya fita sai masallaci, wani maƙwabci ne yake riƙe masa hannu. Da Sallar da ta wuce na je gaishe shi, na same shi a kan kujera a ƙofar ɗaki. Ya tambaye ni ko an kunna a titi, na ce an kunna, na kwatanta masa yadda suke. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni wa ya ɗaura. Na ce ban sani ba, amma zan tambayo masa. Da na fito na tambayi mai shayi, na tambayi telan da ya gaji shagon mahaifinsa, na tambayi 'yar mai koko da ke riƙe da tukunyar yanzu. Duk sun ce sun wayi gari ne suka gani. Na tsaya a bakin masallaci na ɗan lokaci ina tunanin ko in koma in gaya masa, sai na wuce tasha.